Daga Bakin Akwati: Gidan da anka jinginar sau biyu

  

Kaka lokacin biyan bashi ce, kowa ta sani. Wadda ta ɗauki jika 10 ta yi ƙuli-ƙuli da mai, wadda ta ɗauki jika 20 ta sai tunkiyar turka, duk yanzu ake ganin su bakin akwati ranar zubi. Irin wanga ƙaramin bashi bai cika ba mu wahala ba, don mun san juna, mun san ƙofar ɗakin kowa, kuma ba wadda ke son a kira sunanta gaban mata talatin a ce ba ta biya ba. Wanda ke hana shugabannin ƙungiya barci shi ne babban bashi, irin wanda anka fara badawa shekarun nan. Lokacin da tsarin Mata Masu Dubara ya soma nan jahar Maradi a 1991 tare da ƙungiyar CARE, ƴan daloli iyayenmu ke zubawa kowane mako. Yau akwai akwatin da ke tara jika ɗari biyar, akwai mai tara miliyan kafin rabo. Kuɗɗi sun yi yawa, sai maza sunka fara leƙowa: ɗan kasuwa mai son sayen wake ya ajiye, mai son gyaran mota, mai son cika kuɗɗin kaya daga Kano. Kuma ba hannu sake suke zuwa ba, takardar gida suke kawowa.

Sakatariyar wata ƙungiya daga wajen Tasawa ce ta kawo muna maganar da za mu tattauna yau, kuma ta yarda a buga ta ba tare da sunaye ba. Sun ba mijin ɗaya daga cikinsu jika 600 zai sai aya da wake ya ajiye har su yi tsada. Ya ba su hoton takardar gidansa na cikin gari, anka rubuta yarjejeniya a littafi, shaidu biyu sunka sa hannu. Kasuwa ba ta yi ba. Sai daga baya sunka ji cewa ainihin takardar tana wani banki a Maradi, tun shekara biyu da sunka wuce ya jinginar da gidan ya karɓi miliyan 2, kuma bankin ya aiko masa da wasiƙar gargaɗi. Tambayarsu ita ce: in anka sayar da gidan, mu mi za mu samu?

Mun kai maganar wurin wani masanin shari'a a Maradi, ya buɗe muna dokar yana karantawa da Faransanci yana juya muna da Hausa, muna rubutawa. Abin da ke tafe shi ne abin da munka kwaso, sai abin da mu kanmu munka sani na jinginar ƙauye.

Dokar da ke hukunta jinginar gida a Nijar ba ta Nijar ce ita kaɗai ba. Dokar OHADA ce, ƙungiyar da anka kafa a 1993 don ƙasashe su haɗa dokokin kasuwanci, yau ƙasashe 17 ne a ciki, har da Benin da Burkina da Mali da Cadi. Najeriya ba ta ciki, saboda haka abin da ɗan uwanku na Katsina ya faɗa muku a kan yadda ake yi can, kada ku ɗora shi nan. Dokar jingina an sabunta ta a 2010. Dokar kama kaya da sayar da su ta 1998 ce, anka sabunta ta a 2023.

Abu na farko mai ɗaci ne, amma gara a ji shi tun yanzu. Riƙe takardar gida ba jingina ba ce a idon wagga doka, balle riƙe hotonta. Jinginar gida, wadda suke ce ma ipotek, sai gidan yana da babbar takardar mallaka ta gwamnati, titir fonsiye, sannan a rubuta yarjejeniyar gaban noter ko bisa tsarin takardar da ofishin rajistar filaye ya yarda da shi, sannan a kai ta ofishin a shigar da sunan mai bin bashi a littafin wanga gida. Ranar da anka shigar da sunanki ita ce ranar da kika kama layi. Ba ranar da kika ƙirga kuɗɗi kika bayar ba. Wadda ta ba da bashi bara ba ta rubuta ba, da wanda ya bayar bana ya rubuta, na bana ke gaba. Wanda ya riga ka kwana dole ya riga ka tashi, amma nan kwanan a littafin rajista ake yin sa.

Ke nan ƴan uwanmu na Tasawa, a yadda suke yau, ba su ma kai matsayin na biyu ba. Suna can ƙarshen layi tare da mai shago da mai bulo da duk wanda ke bin mutumen bashin baki. Amma ƙofa ba ta rufe ba tukuna. Doka ba ta hana a jinginar da gida sau biyu ko sau uku ba. In maigidan ya yarda, ana iya zuwa gaban noter a rubuta musu jingina ta biyu a shigar da ita bayan ta banki. In ya ƙi, suna iya roƙon alƙali ya ba su izinin rubuta jingina ta wucin gadi a kan gidan, kafin a yanke hukunci a kan bashin. Abin da ke gudu shi ne lokaci. Da zarar wisiye, ma'aikacin da ke kai takardun kotu, ya kai ma maigidan umarnin biya kuma anka shigar da umarnin a ofishin rajista, hannun maigidan ya ɗauru: ba ya iya sayarwa, ba ya iya ƙara jinginar ma kowa. Umarnin kwana 20 yake ba shi. Saboda haka wasiƙar gargaɗin nan ta banki, ita ce kiran sallar farko.

To, a ce an dace an rubuta, ƙungiya ta zama ta biyu. Mi ke hannunta?

Tana da haƙƙin a sanar da ita. Banki ba ya iya kai gidan gwanjo a ɓoye. Lauyansa zai rubuta takardar sharuɗɗan sayarwa ya ajiye a babbar kotu ta Maradi, kuma cikin kwana 8 dole a aika ma maigidan da duk wanda sunansa ke littafin rajista cewa su zo su duba. Wanda bai rubuta ba, ba wanda zai neme shi. Sai dai ya ji a bakin mutane an sayar. Wannan kaɗai ya isa a ce kuɗɗin noter ba asara ba ne. Amma a lura da adireshin da anka bayar ranar rajista, don can takarda za ta tafi. Ƙungiya ta ba da inda ake samun mutum kullum, mai iya karatu, wanda ba zai sa takardar kotu ƙarƙashin tabarma ya manta ba.

Cikin takardar sharuɗɗan nan akwai abin da ya fi komi muhimmanci gare mu, wato farashin da za a buɗe gwanjo da shi. Wanda ya kai ƙara shi ke sa shi, doka dai ta ce kada ya gaza kashi ɗaya cikin huɗu na darajar gidan. Ku duba da kyau: gidan miliyan 4 ana iya buɗe shi a miliyan 1. Kuma in ba wanda ya taya, wanda ya kai ƙara ke ɗaukar gidan a wanga farashi. Banki ba ruwansa da jika 600 ɗinku. In kuɗɗinsa sun fito ya gama. Na biyu ne ke da buƙatar gidan ya yi tsada, shi da maigidan. Abin mamaki ke nan na wagga harka: mutumen da kuke fushi da shi, ranar gwanjo buƙatarku da tasa ɗaya ce. Doka ta ba na biyu damar rubuta ƙorafinsa a kan sharuɗɗan, har da cewa farashin ya yi ƙasa, amma sai ya shigar da shi aƙalla kwana 5 kafin ranar da kotu za ta zauna sauraron ƙorafi. An wuce ranar, an wuce. Nan dole sai da lauya, kuma lauya da kuɗɗi yake aiki; a sa wannan cikin lissafi tun farko.

Bari mu yi lissafin da alli, kamar yadda muke yi ajin karatun manya. A ce gidan ya tashi miliyan 3, wato jika 3000. Ba banki ke fara ɗiba ba. Kuɗɗin shari'a ake fara cirewa, na wisiye da sanarwa da sauransu. Mu ce jika 250. In maigidan yana da ma'aikata da ke bin sa albashi, akwai wani kaso nasu da doka ta sa gaban kowace jingina. Mu ce wanga ba ya da su. Sai banki: uwar kuɗɗi da ruwa da caji, mu ce jika 2300. Abin da ya rage jika 450. Shi ne na ƙungiya. Jika 150 da sunka rage ba su mutu ba, har yanzu maigidan na da bashinsu a wuya, amma sun zama bashi marar jingina, sai a bi shi ta wata hanya. Da gidan ya tashi miliyan 4, da ƙungiya ta karɓi 600 ɗinta cif, saura jika 850 su wuce ga sauran masu bin bashi, abin da ya ragu a miƙa ma maigidan. Da kuwa miliyan 2 da rabi ya tashi, ko dala ba ta kai ga ƙungiya, bankin ma bai cika ba.

Akwai wata ƴar magana a kan ruwan banki da ya kamata sakatarori su riƙe. Jinginar farko tana kare uwar kuɗɗi da caji da ruwan shekara 3 a matsayinta na farko. Ruwan da ya wuce haka ba ya shiga gabanku sai in an yi masa rajista ta dabam, kuma matsayinsa daga ranar tasa rajistar yake farawa. In anka kawo lissafin banki, a nemi a ga yadda anka tara shi.

Sai abin da mutane da yawa ba su sani ba. Wasu na cewa, ai ko an sayar, jinginarmu na nan manne da gidan, sai mu bi wanda ya saya. In maigidan ne ya sayar da kansa a kasuwa, haka ne, jingina na bin gida duk hannun da ya shiga. Amma gwanjon kotu wanke gidan yake yi. Da an kammala an rubuta sunan mai saye, ofishin rajista na goge duk jinginar da ke kai, ta farko da ta biyu da ta uku, wadda anka biya da wadda ba a biya ba. Daga ranar haƙƙinku ya tashi daga kan gida ya koma kan kuɗɗin da anka sayar. In kuɗɗin ba su kai kanku ba, ba ku da ƙofar da za ku ƙwanƙwasa a wanga gida.

Shi ya sa aikin na biyu kafin ranar gwanjo yake. Doka ta ce a buga sanarwa a jarida, a liƙa takardu ƙofar gidan da ƙofar kotu da wuraren taruwar jama'a. To wa ke karanta jaridar Faransanci a kasuwar Tasawa? Mu kuwa muna da abin da banki ba ya da shi. Mata talatin, kowace da ƴan uwa da surukai, da ɗiya a Maradi da Damagaram da Agadas da Libiya masu neman gidan saye. Maganar da ta shiga gidan biki da safe, kafin la'asar ta gama gari. Kowane mai taye guda da kunka kawo, kuɗɗinku kuke tsamowa. Gwanjon kansa ba ya daɗewa. Dokar 1998 cewa ta yi a kunna ƙananan kyandir uku ɗaya bayan ɗaya, kowane kamar minti guda, in sun mutu ba wanda ya ƙara, gida ya tafi. Gidan da mutum ya yi shekara goma yana ginawa.

Ko bayan an buga, akwai sauran dama guda. Cikin kwana 10 kowa na iya zuwa kotu ya ce ya ƙara, muddin ƙarin ya kai kashi ɗaya cikin goma na farashin. Gidan miliyan 3 sai a ce miliyan 3 da jika 300, a sake gwanjo. A lissafinmu na ɗazu, wanga ƙari zai iya cika ma ƙungiya kuɗɗinta, ko da yake sabon zama na da nasa caji. Sai dai wanda ya ce ya ƙara ba ya janyewa. In ba wanda ya fi shi, gidan ya zama nasa, dole ya biya. Ba mu ba kowace ƙungiya shawarar ta sa akwatinta cikin wannan ba. In akwai mai kuɗɗi da ke son gidan da gaske ya makara, shi za a gaya ma.

Masanin ya ambaci wasu hanyoyi biyu. In wanda ya fara kai ƙara ya yi sakaci ko anka ga alamar haɗin baki tsakaninsa da maigidan, wani mai bin bashi na iya roƙon kotu ta ba shi wurinsa ya ci gaba. Kuma na biyu na iya biyan na farko kuɗɗinsa duka ya gaji matsayinsa. Akwatin da ke kukan jika 600 ba shi zai fitar da miliyan 2 ba, mu wuce.

Ranar rabo ma ba a kwance ake jira ba. In masu bin bashi sun daidaita tsakaninsu, a rubuta a raba. In wata guda ya cika bayan mai saye ya zuba kuɗɗi ba a daidaita ba, sai a koma gaban alƙali, a kira kowa ya kawo shaidar bashinsa cikin kwana 20. Wanda bai kawo ba ya zubar da rabonsa, ko da sunansa na rajista. Wanda kuwa bai taɓa rubuta jingina ba, ba ya shiga rabon sai yana riƙe da hukuncin kotu a kan bashinsa kuma ya shigar da kansa cikin shari'ar. Littafin ƙungiya mai sa hannun shaidu biyu yana taimakawa a samo hukuncin, amma shi kansa ba hukunci ba ne.

Yanzu mu dawo gida, don wata za ta ce, mu nan Gidan Amumune wa ke da titir fonsiye? Gaskiya ne. Gidajenmu na ƙasa ne, na gado, ba banki da zai dube su. Ko cikin Mayahi da Tasawa, da yawa takardar fili ta magajin gari kawai gare su, ba su kai ga babbar ba, duk da gwamnati ta kawo sauƙaƙƙiyar hanya mai suna Sheda tun 2006. Abin da ake jinginarwa wurinmu gona ce. Kuma jinginar gona sau biyu ba sai an ba mu labari ba. Tun yunwar 2005 gonaki nawa sunka fita hannun masu su ta wagga hanya, har da gamanar mata da maigida ya haɗa ya bayar ba shawara?

Jinginar gona dabam take da ta banki. Wanda ya ba da kuɗɗi shi ke karɓar gonar ya noma har ranar da anka maida masa kuɗɗinsa. Gonar na hannunsa, kowa na ganin sa ciki da hauya. To in mai gonar ya zo wurin ƙungiya ya ce ku ba ni jika 100 a kan gonata ta arewa, alhali wani ke nomanta, mi ya ba ku? Ba ku riƙe komi ba. Kuma kun san yadda take ƙarewa: yau ya koma wurin na farko ya karɓi ƙari, gobe ya sake, jibi a ce kuɗɗin sun kai na saye, a kira shaidu a ce gona ta sayu. Ba gwanjo, ba sanarwa, ba ragowa. Ta biyu sai dai ta ji.

Malamanmu na Malikiyya sun yi maganar wanga tun da daɗewa. Sun ce jingina ba ta cika sai an karɓe ta a hannu, kuma mai riƙe da ita ya fi sauran masu bin bashi haƙƙi a kanta. Sun ce in darajar abin ta fi bashin farko, ana iya jinginar da ragowar ga wani, da sharaɗin na farko ya sani kuma ya yarda. Sun kuma ce jingina ba ta zama ta mai riƙe don kawai an kasa biya. Sayarwa ake yi, ya ɗauki nasa, a maida saura. Ku tambayi limaminku, zai ƙara muku. Ayar da ta fi kowace tsawo cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Saboda haka in wani ya ce muku neman takarda rashin yarda ne, kun san amsar da za ku ba shi.

Wurin rubutawa kuwa yana kusa. Dokar karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin filaye, Kofo, waɗanda yanzu suke daga gunduma zuwa kwamin har ƙauye. Na ƙauye maigari ke shugabanta, kuma akwai kujerar mata a ciki. Kowace ƙungiya ta san wace ce ke zaune a kai, in kuwa kujerar ta zama ta suna kawai, a tashe ta. Cikin takardun da Kofo ke bayarwa akwai ta saye, ta kyauta, ta aro, ta haya, da ta jingina. Ƙungiyar da za ta ba da kuɗɗi a kan gonar da ke hannun wani, ta tara mutum uku wuri guda gaban maigari: mai gona, mai riƙe, da ita. A rubuta nawa na farko ke bi, a rubuta cewa ba za a ƙara masa a kai ba sai da saninku, a rubuta cewa in za a sayar sai an kira ku, kuma kuɗɗinku za su fita kafin ragowa ta shiga aljihun mai gona. In na farko ya ƙi zama, kun samu amsarku, ku rufe akwati. Wata hanyar da ta fi wannan tsabta, in gonar ta cancanta, ita ce ƙungiya ta biya na farko ta fanshi gonar, ta zama ita ke riƙe, mata su noma ta gayya. Akwai ƙungiyoyin da ke neman gonar haya kowace shekara ba su samu ba.

A tambayi kuma asalin abin, gida ne ko gona. In gado ne ba a raba ba, wanda ya kawo muku takarda ba shi kaɗai ke da shi ba. Akwai ƙannensa, akwai ƴan uwansa mata da ke gidan aure waɗanda ba a ko gaya ma ba. Dokar OHADA ma ta ce ba a sayar da kason mutum cikin gidan tarayya sai an raba. Mu da ke kukan ana cinye gadon mata, bai kamata akwatinmu ya zama hanyar cinye na wata ba.

Akwai abin da lissafi ba ya nunawa. Matar wanga mutum tana cikin ƙungiyar, zubinta na cikin jika 600 ɗin, kuma gidan da ake maganar sayarwa nan take kwana da ɗiyanta. Ranar da anka buga gwanjo, ita ce za ta ɗaure kwanoni. Doka ta ɗan tausaya: gidan da mutum ke zaune ciki, mai bin bashi ba ya iya cewa alƙali ya ba shi shi kai tsaye a madadin kuɗɗinsa, dole a bi hanyar gwanjo da duk matakanta. Kuma in gidan na kawo kuɗɗi, kamar mai shaguna a gaba, har hayar shekara 2 na iya biyan bashin, maigidan na iya miƙa hayar ga mai bin sa ya roƙi kotu ta dakatar da sayarwa. A ganinmu, kafin a kai ga kyandir, ƙungiya ta zauna da maigidan da manyan danginsa. In ya sayar da kansa da yardar banki, a natse, gidan ya fi yin daraja, kuɗɗin shari'a ba su ci rabon kowa ba. In yana da bisashe ko sauran buhunan aya, a fara da su. Ba tausayi kaɗai ba ne. Na biyu ya fi samu a sulhu bisa ga gwanjo, don duk abin da shari'a ta ci, daga rabonsa take ci.

Mu dai ra'ayinmu a kan irin wanga bashi ba ɓoyayye ba ne. Kuɗɗin mata talatin na shekara guda bai kamata su tafi hannun mutum ɗaya ba, ko da takardar gidan bene ya kawo. Ba a cinikin biri a sama. In har za a bayar, a ga ainihin takarda, ba hoto ba. In ya ce tana wurin ajiya, a tambaye shi wurin wa. A je ofishin rajistar filaye a nemi takardar da ke nuna duk wanda ya rubuta jingina a kan gidan, ana biya kaɗan a karɓa. A cire bashin na farko da kuɗɗin shari'a daga rabin abin da dillali ya ce gidan zai yi, don farashin gwanjo ba na dillali ba ne. Abin da ya rage, shi ne iyakar abin da jingina ta biyu ke iya karewa. Sau da yawa za ku ga ba abin da ya rage.

Kuma noter ba ya rubuta jingina da sunan taron mata. Sai ƙungiyar da hukuma ta san da ita, mai takardar amincewa, mai shugaba da anka ba izinin sa hannu a rubuce. Ranar babban taro na wata mai kamawa, kowace sakatariya ta zo da littafin bashi, da takardar amincewar ƙungiyarta, da duk wata takardar gida ko ta gona da ke kwance cikin akwati, mu duba su ɗaya bayan ɗaya. Wadda tata takardar amincewa ta ɓata ko gara ta ci, ta faɗa tun yanzu a nemi wata kafin ranar.